Na tsinci gidan rezar mahaifina a ƙasan adaka: wa ya san kansa?

Baban Ummi, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu daga ɗakinsa na soro saboda za a yi gyara, sai na ci karo da gidan rezarsa a ƙasan adaka, naɗe cikin hankici tare da tsohon fasfonsa na aikin Hajji. Ina ɗaukarsa na tuna shi zaune a bakin rijiya da sassafe, ya jingina madubi da guga yana gyaran wuya. Abin yana da nauyi a hannu, ƙarfe ne zalla. In ka murɗa gindinsa sai kan ya buɗe gida biyu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, ka ɗora reza ka rufe. A wuyansa akwai zobe mai lamba 1, 3, 5, 7, 9. A ƙarƙashin kan an buga Gillette, ga harafin F a gefe guda, ga lamba 2 a ɗaya gefen.

Abin da ya sa nake tambaya, na kai shekara goma ina fama da ƙurajen aski a maƙogwaro da ƙeya. Na gwada rezar zamani mai baki biyu a jere, na gwada mai baki uku, na gwada hodar aski, duk kanwar ja ce. Wannan na Baba zai yi mini amfani, ko in mayar da shi adaka in bar shi abin tunawa?

Injiniya, Hotoro:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Yaya, kada ka mayar da shi adaka, dukiya ka tsinta. Yadda ka siffanta shi, da zoben lamba da mariƙi mai kauri, shi ne wanda masu tara irin waɗannan kaya suke kira Fatboy. Kamfanin ya sa masa suna 195 ne, saboda dala ɗaya da santi 95 ake sayar da shi a Amurka. Daga 1958 zuwa 1961 aka yi shi. Harafin nan kuwa shekara yake nunawa: D 1958, E 1959, F 1960, G 1961. Lambar kuma zangon shekara ce, wata uku-uku. To F da 2 yana nufin tsakanin Afrilu da Yuni na 1960 aka ƙera shi, watanni kaɗan kafin a ba mu mulkin kai.

Zoben yana ƙara tazarar da ke tsakanin bakin reza da ƙarfen da ke kare fata. Lamba 1 ta fi sauƙi, 9 ta fi cizo. Ka fara da 2 ko 3. Kuma kafin ka juya zoben, ka ɗan sassauta fikafikan kan tukuna, in ka gama ka murɗa har sai ka ji ya yi ɗan kwana na ƙarshe ya kama. Wankewa kuwa ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori sun isa. Kada ka goge shi da yashi ko sosan ƙarfe, tagulla ce aka shafe da farin ƙarfe, za ka kankare shafen.

Baban Ummi, Gwammaja:
Ikon Allah. 1960 ai lokacin yana aiki a filin jirgin sama ne, bai ma auri mahaifiyarmu ba. Na gode Injiniya. Rezar da za ta shiga fa, ana samu?

Injiniya, Hotoro:
Rezar da kake saya a teburin mai kayan koli ita ce, mai kaifi a gefe biyu, irin su Tiger da Nacet. Ramukan tsakiyarta ba su canja ba tun kafin a ƙera wannan gidan, shi ya sa rezar yau take zama daram a cikinsa. Ni na fi jin daɗin Shark da Lord na Masar, da Astra. Akwai Feather ta Japan, amma kaifinta ya yi wa mai koyo yawa, ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Salamu alaikum. Na karanta bayanin Injiniya, kuma ya burge ni. Amma ku yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina. Abin yana yi mini ciwo in ga ɗan Kano ya san shekarar da aka ƙera rezar Bature har da watan, amma bai san sunan wanzamin da ya yi masa askin suna ba. Abin da kuke kira sabon ilimi, a jiƙa gashi, a bi kwanciyarsa, kada a danna, shi ne abin da na tashi na tarar ana yi a zaurenmu. Kakana da ruwa kawai yake aski. Zai zaunar da kai a tabarma, ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya yi ta murza maka kai har sai gashin ya yi laushi kamar auduga, sannan ya zaro aska daga zabira, ya goga ta a fata, ya ja fatar kanka da yatsa biyu. Ba ka jin komai sai ƙaf-ƙaf ɗin gashi. Mutum yakan yi gyangyaɗi a hannunsa. Ban taɓa ganin wanda ya tashi daga gabansa da ƙurji ba.

Kuma wanzami ba mai aski kawai ba ne. Kowane gida yana da nasa, shi ke askin jariri ranar suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, ya san uban ya san kakan. Har sarauta muke da ita, Sarkin Aska. Yau an bar mu da suna da kaciya, su ma asibiti yana karɓewa.

Injiniya, Hotoro:
Kawu, ban musa ko ɗaya ba. Ni ma wanzami ne ya yi mini aski har na gama firamare. Bambancin kawai, aska tana son hannun gwani, gidan reza kuwa an yi shi ne don mutum ya yi wa kansa. Dalilin ƙirƙirarsa ke nan tun farko. King Gillette ya kafa kamfaninsa a 1901, a 1903 gidan reza 51 kacal ya sayar. Abin da ya yaɗa shi Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, da aka raba wa sojojin Amurka, suka koma gida da shi sun saba. Kafin nan su ma Turawan wajen masu aska suke zuwa, kamar mu.

Abba Kilifa, Zoo Road:
Iyayena ku bari mu ma masu shago mu ce wani abu, don na ga alamar za a ɗora wa kilifa laifi. Kilifa ba ta kawo ƙurji in an bar ta yadda take, domin a saman fata take yanka, tana barin ɗan tsini. Matsalar ita ce kwastoma ya zo ya ce shi ƙwal-kwabo yake so sai kai ya yi sheƙi, ko a fitar masa da layin goshi da na ƙeya kamar an ja da rula. Dole mai shago ya wasa bakin kilifa ya matso da shi gaba, daga nan ta zama reza, tana kankarar fata. Ni in na ga mai ƙurajen ƙeya ina gaya masa gaskiya: saisaye zan yi maka. Wani ya yarda, wani ya tashi ya tafi shagon gaba.

Baba Mai Ritaya, Brigade:
Yaro ya faɗi gaskiya. Na yi shekara 35 a aikin kaki, kuma a wannan aiki ba ka isa ka fito fareti da gashi a haɓa ba. Kullum sai an aske, ko fuska tana jini. Na ga abokan aiki da wuyansu ya koma kamar bayan kada. Abin da ya cece ni, wani tsohon saje ne da ya ga halin da nake ciki ya ce in daina aski a bushe da sassafe cikin sauri, in yi bayan wanka, in ja sau ɗaya kawai ta inda gashi ya kwanta. Tun daga ranar na samu sauƙi.

Ina da wata aska ma a ajiye, irin mai naɗewa, an rubuta Solingen a jikinta. Gado ce daga yayana. Ta dakushe, ta ɗan yi tsatsa a gindi. Na kai wa mai washin wuƙa ya ce zai sa ta a inji, zuciyata ba ta kwanta ba na karɓo abata.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Baba, Allah ne ya kiyaye. Da ya ɗora ta a injin nan da ta tashi daga aiki, zafin dutsen yana kashe ƙarfen, bakin kuma siriri ne kamar ganyen albasa. Irin wannan aska ta Jamus cikinta a rarake yake. A kwance ake ɗora ta a kan dutse mai laushi da ruwa, baki da gadon baya duk suna taɓa dutsen, ba a ɗaga ta. In an zo kan fata kuma sai a juya tafiyar, gadon baya ne ke yin gaba, baki yana biye, in ba haka ba ka yanke fatar. Ku kawo mini ita in duba. In tsatsar ba ta ci bakin ba, za ta tashi.

Ma'aikacin Lafiya, Kurna:
Ina bin zancen tun ɗazu, akwai abu biyu da ba zan iya yin shiru a kansu ba.

Na farko, Baban Ummi, ƙurajen maƙogwaro daban, na ƙeya daban. Na maƙogwaro gashi ne yake komawa cikin fata. Gashinmu a murɗe yake fitowa, in an yanke shi ƙasa sosai sai tsininsa ya lanƙwasa ya soki fata, jiki ya ɗauke shi baƙo ya yi ƙurji. Reza mai baki da yawa tana ƙara abin, domin bakin farko yana jawo gashin, na biyu ya yanke, sai ragowar ya nutse ƙasa da fata. A nan gidan rezar Baba zai iya taimaka maka, tunda baki ɗaya ne ke taɓa ka. Amma na ƙeya, in ƙurajen sun yi tauri, suna haɗewa, gashi ya daina fitowa a wajen, wannan wani ciwo ne na daban da ke barin tabo mai tudu. Kada ka ɗora masa reza kowace iri, ko ta Bature ko ta wanzami. Ka je ka ga likitan fata. Kuma don Allah kada ka shafa man birki ko baƙin mai, na ga waɗanda suka ƙone ƙeyarsu da su. Mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba su ma suna sirantar da fata in an daɗe ana shafawa.

Na biyu, Kawu, da girmanku, amma aska ɗaya a kan mutum goma ita ce damuwarmu. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe kwana 7 ko fiye, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Goga auduga da sifirit sau ɗaya, ko a haska ashana a baki na daƙiƙa biyu, ba ya ba da tabbas. Wannan ya shafi kilifar shago ma, ba wanzamai kaɗai ba. Kowa ya mallaki nasa, kuma wanda bai yi allurar rigakafin ciwon hanta ba ya je a gwada shi ya yi, sau uku ce cikin wata shida.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Likita, ba zan yi maka gardama a kan jini ba. Wanzami ba ya son jarfa, in aka zo kan ɗana ni ma sabuwar reza zan nema. Na fi shekara goma sha biyar ban yi wa jariri askin suna da askar gado ba. Uban yaro ne ke kawo sabuwar reza a takardarta, in ɓare a gabansa, in na gama in ba shi ya binne. Manya kuma akwai mariƙin da ake karya reza biyu a zura rabi, siffar aska ce amma bakin na mutum ɗaya ne. Wanda ya je Umara ya gani, da irinsa masu askin Makka suke yi. Sai dai in gaya maka abin da hannu ya sani: rabin reza ba ta da nauyin aska, tana da saurin yanka mutum, kuma ba ta yin laushin da ƙarfen da aka wasa a fata yake yi. Shi ya sa dattawan da suka rage mini kowa da askarsa, na ɗaura mata zare mai launi daban, ba na taɓa wani da ita.

Ma'aikacin Lafiya, Kurna:
Wannan tsarin na zare ya yi, Kawu, Allah ya ƙara basira. Da za a bar cire beli ma da mun huta, don muna ganin jariran da ake kawowa jini ya ƙi tsayawa.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Wannan magana ce mai tsawo, kuma ina da abin faɗa a kanta.

Shugaban Zaure:
Kawu da Likita, a buɗe wa maganar beli nata zaman daban, tana da muhimmanci. Nan a tsaya a kan aski.

Baban Ummi, Gwammaja:
Likita, jikina ya yi sanyi, don yadda ka faɗa haka na ƙeyar suke, sun yi tauri kuma wajen ya fara santsi. Zan je asibiti cikin makon nan in sha Allahu. Wuyan kuma zan gwada na Baba.

Malam, Yakasai:
Allah ya ba da lafiya. Tunda ana ta maganar aski, ya kamata a tuna iyaka. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu. A Risala ma, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an kawo cewa Imamu Malik bai ga laifin rage tsawon gemu ba in ya yi tsawo sosai, amma ragewa daban, askewa daban. Ban ce Baban Ummi gemu zai aske ba, na ji ya ce wuya. Ina tunatarwa ne saboda matasan da ke karantawa. Sannan a kiyaye askin da ake aske wani sashe na kai a bar wani, an hana shi. Reza kuwa tana da wurin da Sunna ta neme ta, gashin mara, kuma hadisin Anas ya ce kada a wuce kwana 40.

Baban Ummi, Gwammaja:
Allah ya saka da alheri Malam. Gemuna yana nan, wuya ne da saman kunci kawai. Amma ga wata tambayar da ta fi damuna. A cikin adakar akwai farar kwalba mai hoton jirgin ruwa, Old Spice, ta bushe amma ƙamshin yana nan. Ina buɗewa sai na ji kamar Baba ya shigo ɗakin ranar Juma'a. Ina so in sayi irinta, sai wani abokina ya ce akwai giya a ciki, ba a sallah da ita.

Malam, Yakasai:
Malamai sun yi saɓani a nan. Mafi yawan magabata suna ganin giya najasa ce, kuma akwai waɗanda suka haɗa da duk turaren da aka yi da sinadarinta. Wasu malaman, musamman na wannan zamani, suna ganin sinadarin da ake sa wa turare da magani ba najasa ba ne, haramcin yana kan sha. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ni a kaina na fi son turaren mai, saboda in fita daga saɓani, amma ba na cewa sallar wanda ya shafa ta ɓaci.

Maman Sadik, Fagge:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo zancen maza, amma turare sana'ata ce. Baban Ummi, abin da ka faɗa ya taɓa ni, don ni ma koriyar kwalbar Brut ce ke tuna mini da mahaifina. Alhazan da kusan kowa da ɗaya daga cikin biyun nan a kan tebur. Sai dai ka sani, wanda za ka samu a kanti yanzu ba lallai ya yi maka ƙamshin na adaka sak ba, kamfani ya canja hannu, kuma jabu ya yi yawa. Na taɓa sarar katan guda a hannun wani, ashe ruwa ne da kala, ƙamshin ba ya kai minti biyar. Ka duba murfi da rubutun gindin kwalba, kuma ka saya inda za ka iya mayarwa.

In kuma ka bi ra'ayin Malam, ai muna da namu. Bintu Sudan mai ne, ba sinadarin giya a ciki, shi ya sa iyayenmu suka riƙe shi. Wani kamfanin Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, amma an daɗe ana yin sa a nan Kano. Sai dai kada ka shafa shi a inda ka aske, turaren mai yana da ƙarfi, zai yi maka raɗaɗi. A riga ake sa shi da bayan kunne. Wajen askin kuwa, maigidana man kaɗanya yake shafawa, ɗan kaɗan, ya narkar a tafin hannu. Da hunturun nan in ka zuba mai sinadarin giya a fuska, kafin ka kai bakin titi ta yi fari fat tana ja.

Injiniya, Hotoro:
Hajiya ta gama magana a kan hunturu. Ni ina da Old Spice da Tabac na Jamus, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ajiye su nake, sai zafi ya shigo. Old Spice na maza ya fito ne a 1938, Tabac a 1959, Brut a 1964, don haka ba mamaki kwalbar Baba da gidan rezarsa tsararrakin juna ne.

Akwai abu ɗaya da ban ji an ambata ba, kuma ya fi komai araha: alif. Shi dai wanda ake jefawa a randa ruwa ya kwanta. Ka samu dunƙule mai kyau, ka goge kaifin gefensa ya yi santsi, in ka gama aski ka jiƙa shi da ruwan sanyi ka shafa. Yana tsayar da ɗan jinin yanka, yana tsuke fata. Kuma malami ne, duk inda ya yi maka zafi sosai, nan ka danna reza fiye da kima. Bayan minti ɗaya ka wanke, sannan man kaɗanya. Masu askin Indiya da Turkiyya har yau da shi suke aiki.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Alif kam mun san shi tun kafin a haifi Injiniya.

Abba Kilifa, Zoo Road:
Injiniya, maganar kumfa fa? Na ga masu yi da burushi a bidiyo, ina sha'awar in sa a shagona ga masu gyaran fuska.

Injiniya, Hotoro:
Yawwa Abba, gara da ka tambaya kafin ka saya, don akwai tarko. Burushin aski iri huɗu ne. Akwai na gashin wata dabba dangin dage, shi ne mai tsada. Akwai na gashin doki. Akwai na roba mai laushi. Sannan akwai na gashin alade, kuma shi ne ya fi yawa a cikin masu araha, musamman na Italiya da Fotugal. Gashin yakan zama fari-fari mai kauri da tauri. Na taɓa yin oda ban lura ba, sai da ya iso na karanta kwalin, na jefar. Ka sayi na roba kai tsaye, hankalinka kwance, ga saurin bushewa, ga shi ya fi sauƙin wankewa tsakanin kwastoma da kwastoma.

Sabulu kuma, masu zuwa Turkiyya saro kaya suna iya taho maka da Arko, ɗan sanda-sanda ne, guda ɗaya yana wata da watanni. In babu, sabulun salo mai kyau yana yi, sai dai kumfarsa ba ta daɗewa kuma yana busar da fata, ka ɗiga masa man zaitun. Abin lura shi ne ruwa. Ruwan wasu rijiyoyin da burtsatse yana da zartsi, ko ka kwana kana murzawa kumfa ba za ta tashi ba. In ka ga haka ba laifin sabulu ba ne, ka canja ruwa.

Malam, Yakasai:
Wannan faɗakarwa ta burushi ta fi komai amfani a wurina yau. Ban taɓa sani ba. Allah ya biya.

Baba Mai Ritaya, Brigade:
Baban Ummi, ga abin da zan ƙara maka daga hannun da ya daɗe yana yi. Ka bar wuyan ya huta mako biyu ko uku tukuna, ƙurajen su kwanta, don in ka bi ta kansu da reza fama su za ka yi. Kafin ka fara, shafa wuyanka da yatsa ka gane inda gashin ya nufa, don na wuya ba ya bin hanya ɗaya, wani ya yi ƙasa, wani ya yi gefe, na ƙasan maƙogwaro ma sama yake yi wa wasu. Kada ka danna, nauyin ƙarfen ya isa. Ja gajere-gajere. Kada ka bi wuri ɗaya sau biyu ba kumfa. Kuma kada ka nemi santsi irin na tafin hannu, neman santsin nan ne ya jawo mana duk wahalar. Reza in ta yi aski uku ko huɗu ka canja, ka tara tsofaffin a gwangwanin madara mai ƙaramar ɓula saboda yara da masu kwasar shara.

Baban Ummi, Gwammaja:
Jama'a na dawo da bayani, yau kwana 24 da fara wannan zance. Na je asibiti, likitan fata ya tabbatar da abin da Likitanmu ya faɗa, ya ba ni magani, ya ce kada reza ko kilifa mai kaifi ta sake taɓa ƙeyar, kuma in daina sa hula mai matse wajen. Abba, gobe zan zo saisaye.

Wuya kuma na bar shi ya huta kamar yadda Baba Mai Ritaya ya ce, sannan na yi aski uku da gidan rezar, a lamba 2. Na farko na yanke a ƙasan haɓa saboda hannuna ya saba dannawa, alif ya tsayar. Na biyu da na uku lafiya lau. Sababbin ƙuraje biyu kawai na gani, a da kuwa ba na iya ƙirgawa. Abin da ban zata ba shi ne ƙarar. Yana yin wani ƙaf-ƙaf a hankali, irin wanda Kawu ya faɗa, kuma wallahi ita ce ƙarar da nake ji daga bakin rijiya ina yaro. Na kai wa Hajiyarmu shi ta gani, ta riƙe shi ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ranar ɗaurin aurensu ma da shi ya yi gyaran fuska.

Kawu, na tambaye ta sunan wanzamin da ya yi mini askin suna. Ta faɗa mini, ta ce mutumin Mandawari ne, mai ɗan tabo a gira. Zan turo muku sunan ta waya.

Jikan Wanzamai, Mandawari:
Na ga saƙonka. Ƙanin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, zabirarsa tana hannuna. Ka zo ranar Asabar bayan La'asar in nuna maka askar da aka yi maka suna da ita. Baba Mai Ritaya, ku ma ku taho da ta Jamus ɗin, na jiƙa dutse.

Baba Mai Ritaya, Brigade:
In sha Allahu. Injiniya, in kana da hali ka biyo ta Brigade ka ɗauke ni, ƙafar ba ta son hawa Adaidaita.

Injiniya, Hotoro:
Ƙarfe huɗu ina ƙofar gida, Baba. Abba, in ka rufe shago da wuri ka same mu a can, zan taho maka da burushin roba guda ɗaya ka gwada.